Taki Ɗaya Tsakanin Ja da Baƙi

Ran Kawuna a kan ƙyalle ya rataya, wani ɗan tsagin ƙyalle da faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. In ja aka ɗaura masa a wuyan hannu, ɗakin tiyata za a gungura shi. In baƙi ne, sai a kai shi baranda a yi masa allurar kashe zafi a bar shi da Mahaliccinsa. Mu biyu muka duba shi a ranar, ni da Metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashen gaggawa a asibitin da nake aiki a Gusau, kuma bakinmu bai zo ɗaya ba. In kun ji ina ɗaga murya a cikin labarin nan ku yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Tsafe, fataucin wake da gero yake yi tsakanin Tsafe da Gusau. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan iyayena sun rasu, shi da matarsa da nake kira Inna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini ko a gaban baƙi. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ni kuwa zuciyata a kusa take. Ya sha ce mini, "Uwata, wagga zuciya taki in ba ki ɗaure ta ba, wata rana ita za ta ɗaure ki." Sai in ce masa ai wurin mai sunan na gada. Ya yi dariya ya ce wannan kam ba ƙarya, tsohuwar ta taɓa bin wani mai awo da muciya har tsakiyar kasuwa. Shi ya tsaya kai da fata sai da na gama karatun jinya, lokacin da ni kaina na so in watsar saboda na yi faɗa da wata malama.

Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, akwai ranakun da ake sauke mana mutane a ƙofar sashen gaggawa kamar ana sauke buhuna. Likitan tiyata sau da yawa ɗaya ne a bakin aiki, gadon tiyata ɗaya, jini kuwa sai an yi ta roƙon dangi. Ba yadda za a yi a taimaki kowa a lokaci guda, dole wani ya zaɓa. Metiron ce mai zaɓar. 'Yar Bungudu ce, doguwa, marar yawan magana, ta fara ganin jinin mutane tun kafin a yaye ni. Ita ta ɗinka wata jakar atamfa mai aljihu huɗu, kowane aljihu da launin ƙyallensa. Kore na wanda zai iya takawa da ƙafarsa ya jira. Rawaya na mai rauni sosai amma wanda jira ba zai kashe shi ba. Ja na wanda in ba a taɓa shi yanzu ba zai tafi. Baƙi kuwa na wanda ya riga ya cika, ko wanda ake ganin ko an taɓa shi tafiyar zai yi, lokacin da za a ɓata a kansa kuma zai ci ran wani.

Da ritayar Metiron ta gabato, sai shugabannin asibiti suka fara neman wadda za a miƙa wa jakar. Ni aka sa wa ido. Amma wani daga cikinsu ya ce ba za a miƙa rayukan mutane a kan zato ba, sai an auna an ga ko idona da na Metiron suna ganin abu ɗaya. Ya zo daidai da ina ƙarin karatu ina neman abin da zan yi bincike a kai, sai aka haɗa ni da wani malamin lissafi a wata babbar makaranta nan cikin Gusau. Siriri ne, mai ladabi har ya yi yawa, irin mutanen da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri.

Ranar da na fara zuwa ofishinsa na ce masa, "Malam, wane dogon lissafi kuma? A ƙirga sau nawa muka faɗi launi ɗaya, shi ke nan."

Ya ce, "Sista, yawancin waɗanda ake kawo muku wane launi ne?"

Na ce kore.

"To a ce ni da mai shayin bakin ƙofarku aka tsayar. Ba wanda ya san jijiya a cikinmu, amma mun ji an ce kore ya fi yawa, sai kowa ya yi ta jefa kore, jefi-jefi ya canki wani launi. Bakinmu ba zai riƙa zuwa ɗaya ba?"

"Zai zo mana."

"Sai a ba mu jakar?"

Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma akwai awon da ake kira kappa, aikinsa ya zare irin wannan dacen ya bar ainihin yardar da ke tsakanin mutum biyu. In ya fito sifili, to ba ku fi ni da mai shayi ba. In ya kai ɗaya, bakinku bai taɓa saɓawa ba. Sannan ya ce iri biyu ne. Akwai kappa tsura, wanda bai san kusa ba, ko kun yarda ko kun saɓa. Akwai kuma kappa mai nauyi, wanda yake jera launukan kamar matakalar bene, kore, rawaya, ja, baƙi. In kun saɓa da taki ɗaya sai ya ba ku babban rabo na yarda, in da taki biyu ne ƙaramin rabo, in kuwa ɗaya ta ce kore ɗaya ta ce baƙi ba ku da komai.

Wannan na biyun ya kwanta mini a rai, don kullum rigimata da Metiron tsakanin kore da rawaya take. Ni in ga tsoho da tsagar goshi in ce rawaya, ita ta ce ai wannan da bakinsa ya shigo yana zagin direba, kore ne. Me zai sa a ƙirga mini wannan daidai da kuskuren kisa? Malam ya ce amma nauyin kowane taki kafin a fara tara bayani ake yanke shi, ba a jira sai an ga sakamako. Muka zauna da Metiron da wani daga cikin shugabanni, Malam ya ce abin da aka saba shi ne a ɗauki takun duka daidai wa daida. Kowa ya gyaɗa kai aka tashi, don a lokacin hankalinmu duka yana kan kore da rawaya.

Ƙa'idar aikin ita ce: duk ranar da aka kawo masu rauni da yawa, a manna wa kowa lamba da filasta, mu biyu mu duba shi tare ba mai cewa uffan. Sai in juya baya in rubuta launina a kati in jefa aljihu, sannan Metiron ta ɗaura nata ƙyallen. Nata ake bi. Nawa na lissafi ne kawai. Mun yi watanni a haka, har hannuna ya saba, ina gama dubawa jikina ke juyawa da kansa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Hon muka fara ji tun daga bakin titi, irin wanda direba ya danne bai ɗaga hannu ba, duk wanda ya yi aiki a sashen nan ya san shi. Wata motar ɗaukar kaya ce, kanta, ta shigo da gudu, gilashin gabanta ya zube, ƙananan motoci na biye da ita. Da aka saki ƙofar bayan kantar, abin da ya fara zubowa wake ne. Harsasai sun farfasa buhunan, waken ya jiƙe da jini ya kumbura, yana gangarowa ƙasa muna takawa muna zamewa. Direban da kansa kunnensa ɗaya ya tsinke yana reto, yana ta maimaita magana ɗaya: daga daji suka fito a kan babura, a hanyar Tsafe, suka buɗe wa motoci wuta ba su ko ce a tsaya ba, wanda ya dira ya gudu suka bi shi da adda, wasu kuma suka kora su cikin daji.

Na ga abubuwa a aikin nan, amma na ranar daban ne. Wani magidanci ya tattare hanjinsa a cikin gaban rigarsa ya rungume, yana tambayar kowa ina zai zauna. Wata mata ta kare kanta da hannu, addar ta tafi da yatsunta, ta bar babban yatsa kawai. Wani saurayi harsashi ya shiga ta kumatunsa ya fita da haƙoransa, yana son ya yi salati jini na hana shi. Wasu tun a mota suka cika, an jera su a kan buhuna, masu rai sun yi tafiyar a kwance a jikinsu. Ƙarni ya cika wurin, ƙudaje sun riga mu isa. Metiron ta rataya jakarta, ni na ɗauki katunana, muka fara daga bakin ƙofa: dubawa, juyawa, rubutawa, ɗaurawa.

Can wajen tsakiyar layin akwai wani dattijo kwance rub da ciki, rigarsa ta rine ba ka gane asalin launinta. Ni na kama kafaɗarsa na juyo shi. Kawu ne.

Ban yi ihu ba, wannan kam na tuna. Hannuna ne ya ci gaba da aiki ba tare da ni ba. Harbi a ciki, ƙasa da haƙarƙarin dama. Wani harbin a cinya. Sara a gefen kai, fatar ta ɗaye har ana ganin farin ƙashi. Numfashi sama-sama. Na danna wuyan hannunsa, na ji jijiya tana bugawa, siririya kamar zare, amma wallahi na ji ta. Ya buɗe ido ya ce, "Uwata." Na juya baya yadda na saba, na rubuta ja, na jefa aljihu. Da na juyo, Metiron tana ƙulla masa baƙi.

Na ce, "Hajiya, me kike yi?"

Ta ce, "Mu je na gaba, Sista."

"Kawuna ne. Shi ya raine ni. Yanzu ya kira ni, kin ji da kunnenki. Wanda ke magana ba baƙi ba ne."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake durƙusawa, ta sake danna hannunsa, ta danna wuyansa, ta ɗaga rigar ta taɓa cikin da ya yi tauri kamar ganga. Ta ce, "A hannu ban ji komai ba sai a wuya. Hantarsa ce ta fashe, ga kai, ga shekaru. Jinin da muke da shi duka ba zai ishe shi ba, kuma akwai ja a bayanmu da za su tashi in an taɓa su yanzu. Da idon ɗiya kika dube shi."

"Da idon ma'aikaciya na dube shi. Na ji jijiya."

"Mu je na gaba."

Abin da na yi bayan nan kowa a asibitin ya sani, har masu shara. Na fizge baƙin ƙyallen daga hannun Kawu, na kai wa jakar cafka zan zaro ja. Ta riƙe igiyar. Na ja, ta ja. Sai na saki jakar na ɗauke ta da mari, na hankaɗa ta da hannu biyu. Santsin waken nan ya kwashe ta, bakinta ya daki ƙarfen gadon turawa, leɓenta ya tsage har haƙori ya leƙo. Na bi ta ƙasa na shaƙe wuyan rigarta ina jijjiga ta, ina ce mata azzaluma, marar imani, in ubanta ne haka za ta yi? Sai da masu gadi suka ɓamɓare ni, ɗaya na cije shi a dantse. Mata mai jikoki na yi wa haka a gaban mutane suna mutuwa. Kada wanda ya tambaye ni ko na yi nadama, don har yau in na tuno baƙin ƙyallen nan a hannunsa tafin hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Metiron ta tashi, ta tofar da jini, ta tsinci ƙyallen daga cikin wake ta sake ƙulla wa Kawu. Ta ce wa masu gadin, "Ku sake ta. Ta je ta zauna wurin ubanta." Ta wuce na gaba ita kaɗai, jini na ɗiga a kan farar rigarta.

Aka kai shi baranda. Ban yarda na zauna haka nan ba, na nemo ledar ruwa na sa masa da kaina, na ɗaure cinyar, na danne cikin da bandeji. Na ruga ɗakin tiyata na yi ta dukan ƙofa. Ta gilashi na hango likita, hannuwansa biyu a cikin cikin wata mata, daga baya na ji 'yar Nahuce ce, mai goyo. Ya ɗago ya dube ni ya mai da kai. Wallahi a lokacin na so a sauko da ita a ɗora Kawu, na so hakan da zuciyata duka, ban damu da goyonta ba. Bakina ne kawai ya kasa faɗa. A bakin ƙofar kuma ga magidancin nan mai hanji a riga, da jan ƙyallensa, yana jiran layi.

Na koma baranda. Allurar ta ɗan kama shi, idonsa ya washe. Ya nemi ruwa, ba dama in ba shi, sai na jiƙa auduga ina goga masa a leɓe.

Ya ce, "Mi kika yi wa matar nan? Na ji ƙara."

"Ba komai, Kawu."

"Uwata, zuciya." Ya ɗaga hannun da ƙyar ya dubi ƙyallen. "Wanga na mi ne?"

Na ce, "Alamar layi ce, Kawu. Ana duba na gaba, sai a zo kanka."

"To, mu jira."

Ya kuwa jira. Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe. Da a ce nan take ya cika, da na ce Metiron ta fi ni gani, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in je in durƙusa mata. Amma aka kira azahar yana nan. Rana ta juya ta shigo barandar, na tare masa da mayafina, yana nan. Na kusa da shi duk suka cika ɗaya bayan ɗaya aka lulluɓe su, shi yana numfashi, yana tambayata ko an kwashe waken, yana cewa a gaya wa Inna kada ta biyo hanyar nan. Kowane numfashi da ya ja sai in ji kamar shaida ce yake ba ni cewa ja ne, ja ne tun da hantsi.

Dab da la'asar sai ga Metiron. Leɓenta ya kumbura ya yi suntum, an ɗinke shi. Ta tsaya a kansa ta ce, kamar da kanta take magana, "Har yanzu yana nan." Ta durƙusa ta taɓa wuyansa. Ta ce gado ya samu, an kuma sami masu ba da jini daga tasha. Ta zaro jan ƙyalle ta ƙulla a saman baƙin, don ba lokacin kwancewa. Ni da ita muka ɗora shi a gadon turawa, muka tura da gudu, ita a kai ni a ƙafa. Ba mu kai ƙofar tiyata ba na ga ƙafafunsa sun saki. Na hau kansa na yi ta danna ƙirjinsa har na ji haƙarƙari ya karye a ƙarƙashin hannuna. Likita ne ya fito ya ce in bari.

Washegari da safe muka kai shi Tsafe a bayan motar jami'an tsaro, ta hanyar da aka harbe shi, har lokacin da wake a warwatse a kan kwalta. Masu wanka suka kwance ƙyallayen biyu suka aiko wa Inna da su tare da hularsa. Ana cikin zaman makoki ta nuna mini su ta ce, "Waɗanga fa?" Na ce kayan asibiti ne. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ƙulle su a bakin zane.

Ba a kore ni daga aiki ba, don Metiron ta ƙi kai ƙara. Ta ce santsi ne ya kwashe ta. Muka ci gaba da dubawa da juyawa da ɗaurawa, ba gaisuwa sai ta dole, har lokacin da aka ɗiba ya cika na kwashi katunan na kai wa Malam.

Da ya gama ya kira ni. Ya zana gidaje a takarda, huɗu a tsaye huɗu a kwance, launukana a gefe, na Metiron a sama. Ya nuna mini layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce duk wanda ya faɗa nan bakinmu ya zo ɗaya a kansa. Ya ce kappa tsura ya fito tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa, saboda yawan saɓaninmu a kore da rawaya. Mai nauyin kuwa ya haura sosai, ya doshi ɗaya, don kusan duk saɓanin namu na taki ɗaya ne. Yana murmushi ya ce, "Sista, ina taya ki murna."

Na ce, "Ina Kawuna a nan?"

Murmushin ya ɗauke. Labarin ya riga ya kai masa. Ya ce in na so za a iya cire shi, tunda ɗan uwana ne, akwai hujjar yin haka. Na ce an fitar da shi daga layi sau ɗaya, ba za a fitar da shi sau biyu ba, ya nuna mini. Ya ɗora bakin biro a kan wani gida da ke manne da layin yardar, inda jana ya haɗu da baƙin Metiron. Ya ce duban farko kawai ake ƙirgawa.

"A tsura me aka ba mu a kansa?"

"Ba komai. Saɓani ne cikakke."

"A mai nauyi fa?"

Ya ce, "Ja da baƙi maƙwabta ne a matakalar. Taki ɗaya ne. Ana ƙirga shi kashi biyu cikin uku na yarda."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Wato ni da na tsaga wa mata leɓe, na ciji mai gadi, na kusa shaƙe ta a kan mutumin nan, a takarda mun yarda da juna kashi biyu cikin uku. Kawu da kansa ya taimaka wajen ɗaga lambar. Na daki teburin har kofin shayinsa ya kife a kan takardun. Na ce, "Malam, tashi mu je Tsafe ka tone kabarin, ka gani ko kashi ɗaya cikin uku kawai muka binne. Tsakanin kore da rawaya jiran benci ne. Tsakanin ja da baƙi tiyata ce da baranda. Wane mahaukaci ne ya ce takun ɗaya ne?"

Bawan Allah bai yi fushi ba, yana tsane shayin da hankicinsa ya ce, "Lissafi bai san baranda ba, Sista. Abin da aka gaya masa shi yake aunawa. Ana iya cewa wannan takun ba shi da rabon yarda ko kaɗan, kuma da kun faɗa tun farko da haka na sa. Ni ban taɓa tsayawa a sashenku ba, ku kuma ba ku taɓa zama a kan wannan teburin ba, shi ya sa ya wuce mu duka." Na ce to a gyara yanzu. Ya ce ba a sauya mudu bayan an gama awo, in aka buɗe wannan ƙofar kowa sai ya zaɓi nauyin da zai ba shi lambar da yake so. Abin da zai iya shi ne ya rubuta lambobin biyu, ya ƙara bayani a ƙasa cewa a gaba a ware takun ja da baƙi daban. Ya kuwa rubuta, na gani da idona.

Shugabanni suka karanta babbar lambar, suka ce madalla, idon Sista da na Metiron ɗaya ne. Ko sun kai ga bayanin ƙasan, oho.

Ranar da Metiron za ta tafi ta kira ni ɗakin canza kaya. Tabon yana nan a leɓenta, ya ɗan ja bakin gefe. Ta ce, "In aka mai da ni wannan hantsin, da abin da na gani a lokacin, baƙi zan sake ɗaurawa."

Na ce, "Ni kuma ja zan sake rubutawa."

"Na sani." Ta ciro jakar daga kafaɗa ta rataya mini. "Ban san wa ke da gaskiya ba, ke ma ba ki sani ba. Ki riƙa komawa baranda kina sake dubawa, kada ki jira gado ya samu." Ta ɗauki mayafinta ta tafi Bungudu, ban sake ganinta ba sai a wani biki, daga nesa.

Bayan Inna ta fita takaba na je Tsafe. Ashe labari ya kai mata, ba abin da ke ɓuya a motar haya. Muna zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ta kwance bakin zanenta ta shimfiɗa ƙyallayen biyu a kan tabarma. Ta wanke su, har ta goge.

Ta ce, "An ce an ba ki aikin matar nan don ganinki da nata ɗaya ne. An kuma ce kin buge ta a kan Kawunki. Wanne ne naki a ciki?"

Na ce, "Duka biyun ita ta ɗaura, Inna. Baƙin da hantsi, jan dab da la'asar. Ni ja na ce tun farko, amma nawa a aljihu ya tsaya."

Ta dube su ta ce, "Baƙin mi yake nufi?"

Na gaya mata gaskiya, har da barandar, har da cewar da na yi masa alamar layi ce.

"Yanzu ke ka ɗaurawa?"

"Ni ce, Inna."

Ta ɗauki jan ta mai da bakin zane ta ƙulle. Baƙin kuwa ta miƙo mini, ta ce, "Ungo. Mai da shi jakarki, ni ba ni da abin yi da shi."

Na karɓa, na kawo shi Gusau na sa a aljihunsa na huɗu. Watan bai ƙare ba aka sake danna mana hon daga bakin titi, na zaro shi na ƙulla wa wani dattijo, 'yarsa tana tsaye a kaina tana rantse mini cewa yanzun nan ya kira sunanta.